Wa Zai Zauna Kusa da Wa a Ajin Turanci

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu a ɗakin malamai, bai san ina bayan ƙofa ina neman alli ba. Ya ce darasin da ya fi kowanne sauƙi shi ne na magana da Turanci. Wai ka raba ɗalibai rukuni-rukuni, ka ce su yi hira a kan abin da suke yi lokacin hutu, kai kuma ka koma gefe kana danna waya. Ba zan faɗi sunansa ba, ga shi can yana kallon silin. To, tunda kwalejinku ta turo ku Zuru koyon aiki, shugaban makaranta kuma ya ce in yi muku bayani kafin in ajiye alli, ku jawo benci. Sunana Danladi, amma rabon da in ji an kira ni da shi har na manta. Tica ake ce mini, har matata.

Ranar da na fara wannan darasi ina da jan biro sabo a aljihu da littafin da gwamnati ta aiko. A cikin littafin an jera abubuwan da mutum ke yi in ya huta: tara kan sarki, iyo a tafkin siminti, kamun kifi don nishaɗi a mayar da shi ruwa. Na bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Kowa ya miƙe sai ya ce shi karanta littattafan labari yake yi, alhali a ajin nan kaf babu mai littafin da ba na makaranta ba. Wani yaro daga Dabai ya ce tara kan sarki yake yi. Na san gidansu, ba a taɓa aiko musu da wasiƙa ba. Duk wanda ya yi kuskure kuwa nan take nake tare shi in gyara, har bakin kowa ya mutu, na ƙarasa darasin ni kaɗai, na fito ina jin na yi aiki.

Malam Ango, wanda aka sa in koyi aiki a ƙarƙashinsa, yana tsaye bakin taga tun farko. Tsoho ne siriri mai wandon kaki, ba ya ɗaga murya. Ya sa hannu a aljihuna ya zare jan biron ya sa a nasa.

Ya ce, "Wa ya yi Turanci a ajin nan yau?"

Na ce, "Ni, Malam."

Ya ce, "To ashe kai aka kawo ka koya. Ka yi ƙoƙari."

Har ya rasu bai mayar mini da biron ba.

A wurinsa na gaji kayan aikina, kuma ba su da yawa. Na farko ƙwallon goruba, ga shi nan, ya yi sulɓi don hannu. Wanda yake riƙe da shi shi ke magana, in ya gama ya miƙa wa na kusa. In babu shi, mai baki ɗaya zai cinye hirar, sauran su yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Na biyu benci, a jera shi a zagaye, kowa yana ganin fuskar kowa. Na uku kunne. Kuskuren da ka ji ka riƙe shi a kai, sai an tashi ka faɗe shi ba tare da ka ce wane ne ya yi ba. Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne rufe baki. Malami in ya ji aji ya yi tsit sai ya kasa haƙuri ya fara zuba surutu. Malam Ango yana iya zama cikin shirun nan yana sakace haƙori har sai ɗalibi ya gaji ya yi magana.

Shi ya jefar da kan sarki da tafkin siminti. Ya ce a tambayi mutane abin da suka sani: dara, kokawa, farautar gafiya bayan an ƙone daji, kitso, langa. Daga baya gidajen kallon ƙwallo suka zo suka sauƙaƙa mana. Ka haɗa magoya bayan kulob biyu a benci ɗaya ka ce ba a yarda da Hausa ko yaren C'lela ba, za ka ji Turancin da ba ka san suna da shi ba. Karyayye ne, amma yana tafiya. Mutum in yana son ya ci gardama ba ya tsayawa jin kunyar nahawu.

Sai babbar dokarsa, wadda babu ita a littafinku. Littafi ya ce a sa ɗalibai su ƙirga, masu lamba iri ɗaya su haɗu. A nan garin in ka yi haka ka kashe darasi. Ƙane ba ya musu da wansa a gaban mutane. Yarinya ba ta dariya gaban ɗan kawunta da zai kai labari gida. Wanda ubansa ke aron gona ba ya ce wa ɗan mai gonar bai yi daidai ba, ko da wane yare. Shi ya sa Malam Ango ke yawo ranar kasuwa yana gaishe-gaishe ba ya sayen komai. Dangantaka yake haddacewa. Kafin ya zaunar da mutum biyar ya san wa ke jin nauyin wa.

Bayan 'yan makaranta ina da wasu masu zuwa da la'asar, a gindin mangwaron da ke bayan gidana. Samari masu son aikin soja, don kun san garin nan gida ɗaya-ɗaya ne babu kaki a rataye. 'Yan mata masu neman makarantar jinya. Matan sojoji da za su bi mazajensu kudu, suna tsoron a cuce su a kasuwa. Akwai kuma masu zuwa ana gobe za a yi musu tambayoyin ɗaukar aiki, su ce in zuba musu Turanci kamar mai a babur. Waɗannan nakan ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, in ba su ruwa su sha, su tafi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda 'yan bindiga suka taso ƙauyukan wajen Wasagu. Aka rufe makarantu na wani lokaci, mutane suka cika garin nan da tabarmi da tukwane, wasu gidan dangi, wasu azuzuwan firamare. Damina ce tsaf, ruwa na sauka yadda manomi ke so, ga manoman a zaune. Dattawan unguwa suka ce tunda ni ma a zaune nake, in tara samarin baƙin nan in koya musu wani abu. Na tara su a gindin mangwaro. Matsalar ita ce ban san kowa ba a cikinsu, ban san uban kowa ba, kasuwar da zan je in haddace danginsu kuma ta watse. Sai na zaunar da su yadda suka zo.

A cikinsu akwai Bawa, dogo, hannunsa kamar icce don kanta. Ya gama sakandare, rubutunsa ya fi na wasunku kyau. Abin da ya kawo shi a fili yake. Wata ƙungiya mai kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka tana neman masu tuƙa babur da suka san hanyoyin daji, shi kuwa ya yi kabu-kabu da rani, babu hanyar da bai sani ba. Amma shugabar wurin 'yar kudu ce, ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa, kuma ta ce duk wanda za ta ɗauka sai ta yi magana da shi baki da baki. Bawa yana bukatar aikin nan fiye da kowa saboda golmo. Ga waɗanda ba 'yan nan ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake nema, shi da abokansa, damina bayan damina, har uban ya ce ya isa. Bawa saura damina ɗaya ya gama aka taso su. Uban yarinyar, Baba Dudu, ya ce shekarar da ba a yi noma ba ba ta shiga lissafi, kuma ba zai ba da ɗiyarsa ga mai zaman banza ba, sai ya ga abin da zai ciyar da ita.

Na ba su tambayar da na saba: me kake yi in ba ka da aiki? Goruba ta zagaya ta zo hannun Bawa. Ya dube ta, ya juya ta, ya miƙa wa na gaba. Washegari haka, jibi haka. Na yi shirun Malam Ango har haƙorina ya gaji da sakace, bai ce uffan ba. Abin mamaki kuma da safe nakan gan shi a bakin famfo yana zuba da Hausa da C'lela, mutane na dariya. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma ban ga inda tsamin ya fito ba.

Inna Kulu ce ta warware mini. Bakabiya ce mai tuyar ƙosai a gefen bishiyar, ta daɗe tana sauraren darasina kyauta ba ta ɗauki ko kalma ɗaya ba. Ta kira ni bayan an tashi.

Ta ce, "Tica, kai dai karatu ya yi maka yawa. Wanga Ishaya da kake zaunar da shi gwiwa da gwiwa da Bawa, ka san ko wane ne?"

Na ce ban sani ba, Inna.

Ta ce, "Yayan yarinyar da yake nema ne. Kai kuma kullum kana ce mai ya faɗi wasan da yake yi in ba shi da aiki. Mai golmo, gaban surukinai, cikin damina. Mi kake so ya ce?"

Na sayi ƙosai ban ma ji yunwa ba. Gaskiyarta. A wurin mutanen nan namiji ya buɗe baki ya ce yana da lokacin da ba shi da aiki, tamkar ya ce shi rago ne. Balle a kunnen gidan da yake neman aure.

Washegari na mayar da Ishaya wani rukuni can nesa, na ce inuwa ta fi a can. Goruba ta zo hannun Bawa, ya waiwaya ya ga babu kowa, sai ga magana. Da ƙyar take fitowa, yana tuntuɓe, yana komawa baya ya gyara, amma tana fitowa. Ashe gwanin dara ne. Ya yi mana bayanin yadda ake haƙa gurabe, yadda kake barin abokin wasa ya ci maka ɗa ɗaya don ka tare masa hanya. Wani ya musa masa, suka kaure. Cikin 'yan makonni bakinsa ya saki, har sai na karɓe gorubar da hannuna.

Sai dai magana a gindin bishiya ba ta kwana a gindin bishiya. Labari ya kai wa Baba Dudu cewa wanda ke neman ɗiyarsa kullum yana zaune a inuwa yana alfahari da dara da harshen Nasara, sa'o'insa suna can suna ƙwadago a gonakin mutanen gari. Ana gobe Bawa zai je gaban shugabar ƙungiyar nan, mun zauna ke nan da la'asar, sai ga tsoho da sandarsa. Gajere ne, fuskarsa duk tsaga, hularsa ta koɗe. Ya yi sallama, ya ƙi bencin da na ba shi, ya zauna a kan saiwar mangwaro daidai bayan Bawa. Ya ce in ci gaba, shi kallo ya zo.

Ku da kuka ce aikin da sauƙi, ga tambaya. Ba a ce wa dattijo ya matsa. Ba zan tashi ajin ba, don tsoho zai ce ashe abin kunya ake yi shi ya sa aka ɓoye. In na canza tambayar kowa zai gane. In kuma Bawa ya koma kurma yau, na san halin bakin ɗan koyo, gobe ma a kulle zai wayi gari. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauki goruba na miƙa wa na farko, na maimaita tambayar yadda take: me kake yi in ba ka da aiki?

Na farko ya yi maganar ƙwallo a gurguje, na biyu ya ce barci. Goruba ta iso Bawa. Ya riƙe ta da hannu biyu, kansa a ƙasa. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai man Inna Kulu a kasko. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi in taimake shi da kalmar farko. Na ciji leɓe na zauna.

Can sai ya fara, da Turanci, yana kallon ƙafarsa. Zan mayar muku da Hausa yadda ya faɗa. Ya ce in ba shi da aiki yakan bi hanyar Manga ya tsaya yana kallon dawar mutane. In ya gaji da kallon sai ya zauna ya rufe ido ya shiga Kwarin Biri. Ya ce yakan fara daga gindin tsamiya, don nan ciyawa ke fara cin ƙarfi, ya bi kunya-kunya har bakin rafi. Ya ce wannan makon na maimai ne, wato noma na biyu, a Kwarin Biri, in aka wuce shi dawa ta shaƙe. Bayan babban dutse akwai ƙuduji, wannan ciyawa mai jan fure da ke shanye dawa, ita ba a sa mata fartanya, da hannu ake tuge ta kafin ta yi fure, ya ce jiya ya tuge ta duka. Ya ce dara kuwa yana yi ne don hannunsa ya sami abin taɓawa, in ba haka ba wata rana ƙafarsa za ta kai shi can, kuma waɗanda suka je duba gona ba duka suka dawo ba. Ya ajiye gorubar a benci, bai miƙa wa kowa ba.

Ya yi kurakurai a ciki, na ji su duka. Ban gyara ko ɗaya ba, har yau.

Baba Dudu ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Malam, ni ban jin Turanci. Amma na ji Kwarin Biri, kuma gonata ce. Me yaron nan ke faɗa a kan gonata?"

Dokar Malam Ango ce ba a fassara a ajin magana. Ranar na taka ta. Na faɗa masa tun daga tsamiya har rafi, ban rage ba ban ƙara ba, Bawa kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsoho ya kalli hanya. Sa'an nan ya dafa sanda ya miƙe. Bai dubi Bawa ba, ni ya duba, don suruki ba ya magana da suruki kai tsaye in akwai na uku.

Ya ce, "Ka gaya masa ƙudujin ba bayan dutse kaɗai take ba. Akwai wata ta wajen rafi, kullum yana mantawa da ita."

Ya sa kai ya tafi.

Da safe Bawa ya biyo ta gidana zai tafi. Na ga takalmin ƙafarsa ya yi masa kaɗan, na kuma gane shi, na Ishaya ne. Da ya dawo ya ba ni labari. Matar ta tambaye shi hanyoyi, ta tambaye shi abin da zai yi in babur ya mutu a tsakiyar rafi da ma'aikaciya a baya. Ya ce ya yi ta bayani har ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Ba ta tambaye shi abin da yake yi lokacin hutu ba. A iya sanina ba a taɓa tambayar wani ɗalibina wannan ba a wurin neman aiki. Muna yin hirar hutu ne don nan ne mutum ke da abin faɗa nasa na kansa, bakin da ya buɗe a nan kuwa zai buɗe ko'ina. Aka ɗauke shi, aka ba shi babur da hular kwano.

Maganar auren dai shiru. Bawa yana ta kai da kawo a daji, ranar da ba shi da fita yakan zo ya zauna da mu. Babu wanda ya san abin da tsoho ya yanke, babu kuma mai iya tambayarsa. Rannan da la'asar ina jera benci sai ga Baba Dudu. Wannan karon bai nufi saiwa ba, benci ya hau, ya ɗauki gorubar yana jujjuya ta.

Ya ce, "Malam, a sa ni cikin masu hirar nan. Ni ma akwai abin da nake yi in ba ni da aiki."

Na ce, "Baba, da Turanci fa ake yi."

Ya ce, "Na ji. Sai dai ka duba inda za ka zaunar da ni. Kada ka haɗa ni da surukina."

Bawa yana bayan bishiya yana goge babur, ya ji. Ranar ce tsoho ya fara kiransa da wannan suna. Na sa tsohon a rukunin da ke can nesa, inda inuwa ta fi.

Aka yi bikin bayan kaka, Inna Kulu ta yi tuya. Baba Dudu ya ci gaba da zuwa har ƙafarsa ta daina kai shi. Turanci dai bai koya ba, gaisuwa kawai ya riƙe, ita ma ta safe yake yi mana da la'asar. Amma duk ranar da goruba ta zo hannunsa, Kwarin Biri yake shiga da mu, daga tsamiya har rafi, da yaren da ya ga dama, ni kuma in rufe bakina. Gonar har yau babu wanda ya koma.